Takardar gunduma ta zo: in je taron, ko in zauna a gida?

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Na ga tambayarki tun jiya da daddare. Kin ce an jefo muku takarda daga ofishin gunduma ana kiran mutanen unguwa taron jin ra'ayi kan wani gini da za a yi kusa da ku, ke kuma katin zama kawai gare ki, ba ki zama 'yar Amurka ba tukuna, kina tsoron kada zuwan ya jawo miki magana. Amsata ita ce ki je. Na daɗe a gundumar Montgomery ta jihar Maryland, kuma ni ma da irin wannan tsoron na fara.

Mu da muka taso a gida mun saba ganin ƙaramar hukuma a matsayin wurin da ake zuwa neman takardar shaidar asali a dawo. Nan ba haka ba ne. Abin da suke kira kawunti, wato gunduma, shi ke riƙe da abubuwan da kike taɓawa kullum: bas ɗin da kike hawa, ɗakin karatu, 'yan sandan da ke sintiri a layinku, izinin gini, harajin gida. A wajenmu kusan rabin kasafin gunduma makarantu yake tafiya. Majalisarmu mutum 11 ce, a Rockville take zama, kuma dokar jiha ta wajabta a yi zaman a buɗe. Ba a tambayar fasfo kafin a ba mutum damar magana. Mazauniyar wurin ce ke, kina biyan haya, kina biyan haraji, shi ke nan.

Ranar da na fara tsayawa gabansu, a kan wata mararraba ce da yaranmu ke tsallakawa zuwa tashar bas, motoci ba sa sassautawa. Na rubuta sunana tun kwanaki kafin ranar. Da aka kira ni na zauna gaban makirufo, ga agogo yana ƙirga mintocin da aka ba ni, takardar hannuna sai karkarwa take. Na faɗi sunan titin, na faɗi ƙarfe nawa yara ke fita, na ce da idona na ga yarinya ta ja ƙanenta baya da jakarsa, saura ƙiris. Ban kai ƙarshe ba lokacin ya cika. Bayan an tashi wata ma'aikaciyar ɗan majalisa ta biyo ni har bakin ƙofa ta karɓi lambata. An ɗauki watanni, na yi ta bugawa ina tuni, amma an zo an zana layin tsallakawa an kafa alama. Minti biyu ko uku ake bayarwa yawanci, don haka ki rubuta abu ɗaya tak, ki karanta shi a gida da ƙarfi kina duba agogo. In Turancin na ba ki wuya, ki kira ofishin tun da wuri ki nemi tafinta.

Kin san hutun Sallah da yara ke samu a wasu wurare yanzu ba daga sama ya faɗo ba. A nan iyaye Musulmi sun shafe shekaru suna cika zauren hukumar ilimi. A 2014 hukumar ta cire sunayen bukukuwan addini gaba ɗaya daga kalandar makaranta, mutane ba su karaya ba suka ci gaba da zuwa, har aka tsara ranar 12 ga Satumba 2016 ta zama ranar da ɗalibai ba sa zuwa aji, don ta dace da Babbar Sallah. Birnin New York ma a 2015 ya sa Sallolin biyu cikin ranakun hutu. Da yawa daga cikin masu zuwan nan direbobin tasi ne da masu kula da tsofaffi, wasu da kayan aikinsu a jiki suke shigowa.

Sai dai ga inda nake so ki buɗe kunne sosai, don a nan mutanenmu ke faɗawa rami. Magana a taro daban, jefa ƙuri'a daban. Wanda ba ɗan ƙasa ba in ya yi zaɓen tarayya ya karya dokar 1996, kuma abin yana iya kai shi ga kora. Ko cika takarda ki ce ke 'yar ƙasa ce alhali ba haka ba, ya isa ya lalata miki neman zama 'yar ƙasa nan gaba. Wurin da aka fi yin wannan kuskuren shi ne ofishin lasisin tuƙi, inda na'ura ke tambaya ko kina son rajistar zaɓe, mutum yana sauri ya danna eh. Ki ce a'a. Gaskiya ne garin Takoma Park da wasu 'yan garuruwa a Maryland sun yarda baƙi su zaɓi shugabannin gari, amma rajistar wannan daban take, ba ta haɗu da ta jiha ba. Haka in takardar kiran zama cikin masu taya alƙali yanke hukunci ta zo, kada ki jefar, ki mayar da amsa cewa ba ki zama 'yar ƙasa ba. Wanda kuma takardunsa ba su daidaita ba, ya fara ganin lauyan shige da fice, ko ya aika ra'ayinsa a rubuce ya kalli zaman ta intanet.

Kin kuma taɓo maganar wariya. Ta faru da ni. Wani mai gida ya ce min ta waya ɗaki na nan, da na iso da hijabina da yara uku sai ya ce an kama. Na koma mota na yi kuka, ban san ina da inda zan kai ƙara ba. Dokar gidaje ta 1968, da gyaran da aka yi mata daga baya, ta hana a ƙi ba mutum haya saboda launinsa, addininsa, ƙasar da ya fito, ko don yana da yara, kuma shekara guda gare ki ki shigar da ƙorafi a ma'aikatar gidaje ta tarayya. Ƙorafin wariya a wurin aiki wa'adinsa ya fi gajarta, kwana 180 ne, wasu jihohin 300. Gundumomi da yawa suna da nasu ofishin kare haƙƙin ɗan Adam, kyauta ne. Ki rubuta rana da lokaci da abin da aka ce tun yana ɗanye, ki ajiye saƙonnin waya. Kuma tun hukuncin Kotun Ƙoli na 1982 babu makarantar gwamnati da ke da ikon korar yaro saboda takardun iyayensa.

Abubuwan da ke tafe kuwa, shekara a nan tana da tsarinta. Tsakiyar Maris shugaban gunduma ke miƙa kasafi, Afrilu a saurari jama'a, sabuwar shekarar kuɗi ta fara 1 ga Yuli. Talatar farko ta Agusta 'yan sanda da maƙwabta ke haɗuwa a unguwanni da yamma. A Agustan kuma ake baje kolin noma a Gaithersburg, ki kai yara su ga shanu da tumaki, can na haɗu da manomin da muke sayen ragon layya a gonarsa. Ki shiga shafin gundumarku ki sa adireshin imel a riƙa aiko miki da sanarwa.

Yanzu ki ɗauko takardar nan ki duba ranar rufe rajistar masu magana, yawanci tana riga ranar taron. Ki tafi da maƙwabciya ko guda ɗaya ce. In kin rubuta abin da za ki faɗa, turo min in duba miki kafin ranar.