Ku Tambaya Mu Amsa: Zuwa Dandalin Jami'ul Fana na Marakish a Ƙasar Maroko

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni da mai ɗakina za mu je ziyarar Shehu Tijjani a Fas, muna so mu biya ta Marakish mu ga dandalin nan da ake ta ba da labari. Yaushe ya fi dacewa a je, kuma me za mu kiyaye? Daga wani Alhaji a Fagge, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya karɓi ziyara. Daga Fas zuwa Marakish tafiyar kusan awa 7 ce a jirgin ƙasa, don haka ku ware kwana biyu, ba a yin ta je-ka-ka-dawo. Sarakunan daular Murabiɗun ne suka kafa garin wajen shekarar 1070, dandalin kuma yana bakin tsohuwar kasuwa. Alamarku ita ce hasumiyar masallacin Kutubiyya mai tsawon mita 77. In kun ɓace, ku ɗaga kai ku neme ta.

Kada ku je da tsakar rana. Fili ne fetal babu inuwa, a watan Yuli da Agusta zafi kan wuce maki 40. Ku isa bayan La'asar, ku yi Magariba a Kutubiyya, ku dawo. A lokacin ne ake kafa rumfunan abinci, masu ba da labari da makaɗan gargajiya da ake kira Ginawa su ja da'ira. Irin wannan al'ada ce ta sa UNESCO, hukumar raya ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta karrama wurin a 2001. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuwa dare akwai sanyi ƙwarai, a tafi da rigar sanyi.

Abin da ke haɗa baƙo rigima a can guda ne: taɓa abu kafin a yi ciniki. Mai wasa da maciji zai rataya maka shi a wuya yana dariya, mai biri ya ɗora maka shi a kafaɗa, da ka ɗaga waya ka ɗauki hoto, ka ci bashi. Sai ya yanka maka kuɗin da ya ga dama, abokansa su zagaye ka. Maganin shi ne a tambayi "bishhal?", wato nawa, a daidaita tukuna, ko a ce "la, shukran", wato a'a, na gode, ba tare da an tsaya ba. Ku riƙe ƙananan dirhami a aljihun gaba, domin wanda ya miƙa takardar 200 da wuya ya ga canji. Haka wanda ya ce zai nuna muku hanya don Allah: ƙarshenta shagon ɗan'uwansa ne. A cikin kasuwa kuwa ku yi tayi kamar kuna Kurmi, farashin farko ba shi ne na gaskiya ba.

Ƙaramar tasi mutum uku kawai take ɗauka. A ce wa direba ya kunna mita, in ya ƙi a tsayar da kuɗi kafin a shiga.

TAMBAYA: Ina jin ana yabon lallen Maroko. Zan iya yi a dandalin? Daga wata Hajiya a Gwammaja.

AMSA: Za ki iya, Hajiya, amma ki duba kwaɓin. Lalle na asali kore ne mai duhu, yana son awanni a hannu, ya bar ja. Baƙin da ke kamawa nan take sau da yawa an zuba masa sinadarin rinin gashi mai suna PPD, wanda kan sa fata ta yi ƙaiƙayi ta tashi bororo, wani lokaci sai bayan kwanaki, kin riga kin dawo gida. Ki kuma kula da hannunki in kina wucewa, don wasu masu lallen sukan cafke shi su fara zane ba a sa su ba, sannan su nemi kuɗi. Zai fi miki ki sa masu masaukinku su kira miki wadda suka sani, ki ga kwaɓin da idonki, ku gama ciniki a kan hannu ɗaya ko biyu kafin ta fara.