Girki biyu, ma'auni ɗaya

'Yata, saƙonki ya iso. Kin ce tun da likita ya tabbatar wa babanki ciwon sukari da raunin zuciya, matansa biyu kowace da irin girkinta, kina kuma tambaya ko a al'ada ya dace mace ta auna wa maigida tuwo, ko kuwa raini ne.

Ba raini ba ne. A gidan Bahaushe mai girki ita ke da maigida: cinsa, ruwan wankansa, shimfiɗarsa. Jinya ma cikin wannan haƙƙin take. Abin da nake tsoro shi ne gasa. Kowace na son a ce miyarta ta fi, sai a ƙara dunƙule, a malala man ja, a cika malmala. Mai lafiya zai ɗauka, babanki ba zai ɗauka ba. In uwargida ta rage gishiri kwana biyu, amarya ta mayar da shi kwana biyu, za ki ga ƙafa ta kumbura, numfashi ya gagara in ya kwanta, domin gishiri ruwa yake tarawa a jiki, zuciya mai rauni kuwa ba ta iya tura shi.

Kada ke ki shiga tsakaninsu, ba hurumin 'ya ba ne. Ki lallaɓa babanki ya tafi da su biyun asibiti ranar ganin likita, su ji da kunnensu. Abin da aka faɗa a gaban kowa ba ya zama maganar kishiya.

Gishirinsa na yini guda kada ya wuce ƙaramin cokalin shayi ɗaya, wato giram 5, kuma dunƙule da kanwa suna cikin lissafin. A ɗebe masa miyarsa kafin a zuba su, a gyara ta da daddawa, tafarnuwa, citta da albasa. Tuwo malmala ɗaya daidai dunƙulen hannunsa, miyar kuka ko kuɓewa ko zogale ta fi tuwon yawa, da wake ko kifi. Fura da koko babu sukari, zuma ma sukari ce. Sai ciyayyar zaure, inda duk wannan ƙoƙarin ke rushewa: ba a hana dattijo zama da abokansa, amma a fitar masa da kwanonsa daban.

Magani ya riƙa bin girki. Ranar da aka karɓi girki, a karɓi robar magani da takardar da ake rubuta awon sukari. Ƙwayar fitsari, furosemide, da safe ake sha, don kada ya kwana yana tashi. Metformin, ƙwayar ciwon sukari, tare da abinci. In yana kan ƙwayar sukari ta glibenclamide ko allurar insulin, haɗarin jinkirin abinci ne: ya sha magani, baƙi sun riƙe shi, sai sukari ya faɗi. Alamarsa gumi, karkarwa, faɗa ba dalili, magana na harɗewa, na'urar awon sukari ta nuna ƙasa da 70. Nan take a dama sukari cokalin shayi uku a ruwa a ba shi, a sake awo bayan minti 15, sannan ya ci abinci. In ya suma kada a ɗura masa komai, asibiti kawai. Haka in nauyinsa ya ƙaru da kilo 2 cikin kwana uku, ko ƙirji ya yi nauyi. Kada kuma a sayo masa diclofenac ko ibuprofen a kemis don ciwon gwiwa, suna tara ruwa, suna taɓa ƙoda.

Ƙafa kuwa aikin mata ne, kunya ba za ta bar ki ba. Sukari na kashe jijiyar ji, ƙaya ta soke shi bai sani ba. Kowane dare mai girki ta duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu da fitila, ta tsane su bayan alwalar isha'i, ta shafa mai a faso amma ban da tsakanin yatsu. Ba a yanke kaushi da reza, ba a kara ƙafa a kaskon wuta da hunturu.

Azumi kuma a tambayi likita tun watan Rajab. In ya hana, Allah ya yi wa mara lafiya rangwame, ciwon da ba ya warkewa kuma ciyarwa ake yi. Ki gaishe min da iyayen naki duka.