Nawa Google zai ci a duk dannawa? Lissafin kuɗin talla ga mai kayan sola

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shago a Sabon Gari, Kano, ina sayar da kayan sola: faranti, inbata da batir. Wani yaro ya ce zai sa mini talla a Google, duk wanda ya nemi kayan sola shagona ya fito a sama. Na tambaye shi nawa zan ware a wata, ya ce ko nawa na bayar zai yi. Amsar ba ta kwanta mini ba. Niyyata in ware naira 150,000. Yaya zan san ko ta isa, ko kuwa asara zan tafka?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Ka yi daidai da ba ka amince da wannan amsa ba, domin akwai lissafi, kuma kai ne za ka fara shi tun kafin a buɗe kwamfuta.

A tallar bincike ta Google Ads ba ka biyan kuɗin fitowar tallarka, sai an danna ta kake biya. Farashin dannawar kuma ba a yanke yake ba. Duk lokacin da wani ya rubuta abin da yake nema, ana yin ɗan gwanjo nan take tsakanin masu tallar da suka zaɓi wannan kalma. Kowa ya riga ya faɗi iyakar tayinsa. Google na duba tayin, ya duba ko tallar ta dace da abin da aka nema, ya kuma duba shafin da mutum zai faɗa idan ya danna. Akwai maki daga 1 zuwa 10 da yake nuna maka a kan kowace kalma don ka san ingancin tallarka. Mai talla mai kyau yakan hau kan wanda ya fi shi tayi, kuma sau da yawa abin da ake cira bai kai iyakar da ka sa ba.

Ka fara daga littafin shagonka. Alƙaluman da ke tafe misali ne kawai, ka cire su ka sa naka. A ce ribarka a kan inbata da batir ɗaya naira 60,000 ce, bayan ka fitar da kuɗin dako da na mai haɗawa. Nawa ka yarda ka saki daga ciki don ka samu ciniki ɗaya? A ce kashi ɗaya cikin huɗu, naira 15,000. To, ba duk wanda ya danna ne zai yi magana ba. A ce cikin mutum 100, takwas ne suka kira ko suka turo saƙo ta WhatsApp, cikin takwas ɗin biyu suka saya. Ke nan dannawa 50 ce ke kawo ciniki ɗaya. Ka raba 15,000 gida 50, ka samu naira 300. Wannan ita ce iyakarka a duk dannawa. Idan kuwa mutum ɗaya ne ya saya cikin ɗarin, iyakar ta sauko naira 150. Ka ga ashe yadda yaron shago ke amsa waya yana da hannu a farashin da za ka iya biya.

Da wannan adadi a hannu sai a shiga Keyword Planner, wato wurin duba yawan masu neman kalma da farashinta, wanda ke cikin asusun Google Ads kuma ba a biyan kuɗin amfani da shi. Abu na farko, a canza wuri daga Najeriya baki ɗaya zuwa Kano. Mutane da yawa suna mantawa, sai su ɗauki alƙaluman da Legas da Abuja suka kumbura su yi kasafi da su. Sannan a zuba kalmomi 15 zuwa 20 irin waɗanda mai niyyar saye yake rubutawa. Yawancinsu da Turanci za su kasance, kamar "inverter price in Kano" ko "200ah battery price", domin haka ake neman irin wannan kaya, kuma Hausa ba ta cikin harsunan da Google Ads ke karɓar rubutun talla da su. A gaban kowace kalma za ka ga kimanin yawan masu nemanta a wata, da farashi biyu: ƙaramin tayi da babban tayin da masu talla suka yi don su fito a saman shafi. Sabon asusun da bai kashe kuɗi ba tazara yake gani maimakon adadi, kamar 100 zuwa 1,000. Ka yi lissafi da ɓangaren ƙasa. A farashi kuma ka ɗauki tsakiya zuwa sama, don gara ka ga rara da ka ga giɓi.

Kalmar da ƙaramin tayinta ma ya haura naira 300, ka bar ta ga masu babban jari. Wadda 300 ta faɗa tsakanin farashinta biyu, ita ce taka.

Yanzu ga naira 150,000 ɗinka. Ana ɗora harajin VAT na kashi 7.5 a kan kuɗin talla, don haka abin da zai tafi dannawa kimanin 139,500 ne. Google da kasafin rana yake aiki, kuma yana lissafa wata a kwana 30.4. Ka raba, ka samu kusan naira 4,590 a rana. Kada hankalinka ya tashi idan wata rana ka ga an ci 9,000: tsarin ya ba shi damar cin ninki biyu na kasafin rana idan masu nema sun yi yawa, amma jimillar wata ba za ta wuce kasafin rana sau 30.4 ba. A naira 300, kuɗinka zai sayi dannawa 465, wato kimanin ciniki tara. Riba 540,000, ka cire 150,000, saura 390,000. Idan akwai ladan yaron da zai sa tallar, shi ma a cire shi a nan.

A takarda ya yi kyau. Sai dai akwai inda lissafin yakan karye a Kano, kuma shi na fi so ka riƙe. Ko akwai masu neman da za su yi wannan dannawa 465? A ce duk kalmominka a haɗe ana nemansu sau 2,000 a wata a cikin gari. Tallarka ba za ta fito a duka ba, a ce ta fito sau 1,200. Idan biyar cikin ɗari suka danna, dannawa 60 ke nan, naira 18,000 kacal. Sauran kuɗin ba su da inda za su. Mutanenmu da yawa har yanzu ɗan'uwa suke tambaya, ko su duba Facebook, ko su tako kasuwa da ƙafarsu.

A nan ne ake tafka asara. Mai kula da talla ya ga kuɗi sun ƙi tafiya, sai ya saki kalmomin su kama duk abin da ya yi kama da su. Google na da matakai uku na daidaita kalmarka da abin da mutum ya rubuta: sakakken daidaito, wanda shi ne ake samu idan ba a taɓa komai ba, daidaiton jimla, da ake sa kalmar cikin alamar zance, da matsattsen daidaito, da ake sa ta cikin baka mai kusurwa. Da sakakken, kuɗinka zai tafi a kan ɗalibin da ke neman bayanin yadda sola ke aiki don aikin makaranta, da mai neman aikin yi, da mai son koyon gyaran inbata. Kowannensu naira 300, ba ko sisi da zai dawo. Ka fara da na biyu da na uku, sannan a toshe kalmomi irin su "free", "job", "training", "diagram" da "pdf". Duk bayan kwana uku a buɗe rahoton abin da mutane suka rubuta a zahiri kafin su danna, a ƙara toshe tarkace.

Hanyar kirki ta faɗaɗa kasuwa ita ce ƙara wuri. Idan kana tura kaya ta mota zuwa Katsina, Dutse, Zariya ko Kaduna, a sa su, a sake duba alƙaluma. Amma a wajen zaɓen wuri a ɗauki na mutanen da suke cikin wurin, domin zaɓin da ke zuwa da kansa yana haɗawa har da waɗanda suka nuna sha'awar wurin alhali suna nesa. A kuma cire alamar da ke kai tallarka shafukan intanet da manhajoji. Can mai wasa a waya yakan danna bisa kuskure, kai ka biya.

Shawarata, kada ka zuba 150,000 a watan farko. Ka ware 40,000 zuwa 50,000 na gwaji, a sa iyakar naira 300 a duk dannawa, a tsara tallar ta riƙa fita daga buɗe shago zuwa tashi, a tsallake lokacin sallar Juma'a da babu mai ɗaga waya. A ajiye littafi a kan kantar shago: duk wanda ya kira a tambaye shi inda ya samu lambar, a rubuta abin da ya tambaya da ko ya saya. Kada ka yanke hukunci kafin dannawa 100 zuwa 150 ta taru. Daga nan sai ka cire takwas da biyun da muka ƙaddara, ka sa na gaskiya, ka sake rabawa. Ka tuna kuma cewa daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke gasa gari, masu neman sola suna ƙaruwa, masu talla ma haka, don haka farashin da ka gani da sanyin hunturu a sake duba shi kafin bazara.

Abu ɗaya game da yaron da zai sa maka tallar: a buɗe asusun da imel ɗinka da katin bankinka, shi a ba shi izinin shiga kawai, yadda za ka riƙa ganin abin da aka cira da idonka. Ku zauna tare ranar buɗewa, domin nau'in kuɗin da aka zaɓa wa asusu, naira ko dala, ba ya canzuwa daga baya sai an buɗe sabo.