Amsa ga ƙanwata likita mai neman ƙwarewa a cututtukan jinin yara a Amurka

Assalamu alaikum ƙanwata. Saƙonki ya iso, ina kuma taya ki murnar cin kashin farko na jarrabawar kwalejin likitocin Afirka ta Yamma. Kin ce kina son ƙwarewa a cututtukan jini da ciwon dajin yara, kuma an gaya miki a nan Amurka ba shekaru ake ƙirgawa ba, iya aiki ake dubawa, shi ya sa kike tambaya ko yawan masu sikila da suka bi ta hannunki zai rage miki zango.

Ba zai rage ba, gara ki ji daga bakina tun yanzu. Hanyar da kusan kowa ke bi ita ce jarrabawar lasisin likita ta Amurka, USMLE, takardar ECFMG mai tantance likitocin da suka yi karatu a ƙasashen waje, shekara 3 ta horon likitan yara daga tushe, sannan wata shekara 3 ta fannin da kika zaɓa, har da aikin bincike da wani kwamiti na daban ke sa wa ido. Jarrabawar hukumar likitocin yara ta Amurka, ABP, tana nan daram a ƙarshe. Abin da ya sauya shi ne yadda ake auna ki a tsakanin nan.

A 1999 ACGME, mai tantance shirye-shiryen horo, ta fitar da fannoni 6 da ake duba likita a kansu. Ilimi da kula da majinyaci biyu ne kawai a ciki. Sauran su ne ɗa'a, iya magana da mutane, gyara aiki daga abin da aka koya, da sanin yadda tsarin asibiti ke tafiya. Daga 2013 aka kawo matakai 5 a ƙarƙashinsu, duk wata 6 kwamitin malamai ya zauna ya ajiye kowane ɗalibi a matakinsa. Daga baya ABP ta rungumi shawarar da Olle ten Cate na Utrecht a ƙasar Holland ya kawo a 2005, wadda ake kira EPA: a ɗauki aiki guda na zahiri, a tambayi malami, har ina za ka iya sakar wa wannan likita shi? Kallo kawai za ta yi? Za ta yi kana tsaye a kanta? Za ta yi kana kusa, in ta kira ka zo? Za ta yi ita kaɗai? Ko har ta isa ta tsaya a kan wasu? Akwai ayyuka 7 da duk fannonin yara suka yi tarayya a kansu, kamar ba wani likita shawara, jagorantar ma'aikata, da miƙa majinyaci daga hannu zuwa hannu, ban da waɗanda kowane fanni ya keɓanta da su. Hukumar ta sanar cewa daga 2028 wannan awo zai shiga cikin hukuncin ba da takardar ƙwarewa, wato daidai lokacin da za ki iso.

In kin taɓa lura da yaron mota, kin gane tsarin. Maigida ba ya miƙa masa sitiyari don ya cika shekara, sai don ya ga tuƙinsa da idonsa.

To, a nan mutanenmu ke tuntuɓe, kuma ba a ilimi ba. Hannunki ya riga ya faɗa. Ɗibar ruwan baya, neman jijiyar yaron da ya bushe, gane ƙarancin jini daga tafin hannu kafin sakamako ya fito, da wuya sa'o'inki na nan su kama ƙafarki. Amma abin da malami bai gani ba, bai shiga takarda ba. Mu kuwa an tashe mu da kunya da kara. Babba yana magana ki sunkuyar da kai, ki gama aikinki tsaf ba tare da kin dami kowa ba, kiran oga da tsakar dare kuma tamkar tona wa kai asiri ne. A nan shirun nan ana rubuta shi a matsayin rashin tabbas, rashin kiran kuma a matsayin haɗari. Malami ya fi saurin sakar wa wadda ta ce masa nan ilimina ya tsaya, zo ka duba, domin ya san ranar da abu ya fi ƙarfinta zai ji. Dole ki koyi tare malama a bakin ƙofa ki ce, zan shiga in gaya wa iyayen nan sakamakon ɓargo, ki zo ki saurare ni, in mun fito ki faɗa mini inda zan gyara. Ma'aikatan jinya su ma suna cike takarda a kanki, wani lokaci har da iyayen yara, don haka faɗan da ake wa nas a gaban mutane a gida, a nan yana bin likita har teburin kwamiti.

Ba zan ce miki tsarin ba shi da aibu ba. Takardun sun yi yawa, wasu malaman kuma dannawa kawai suke su wuce. Kanada, da ta fara nata a 2017, sai da ɗalibai suka yi ta kuka kan nauyin cike-ciken har kwalejinsu ta sassauta. Hukuncin yarda kuma daga zuciyar ɗan Adam yake fitowa, karin harshenki da ɗankwalinki na iya shiga ciki ko mai hukuncin bai ankara ba. Duk da haka na fi son idanu talatin a wata shida da idanu biyu a rana ɗaya, irin ranar jarrabawarmu ta gida da mutum zai taka daga Kano zuwa Ibadan, majinyaci guda ya kayar da shi. Bayan kowane zama ki nemi daraktan shirin ya nuna miki inda aka ajiye ki da dalili, haƙƙinki ne.

Kafin ki taso, littafin ayyukanki na horo kada ki bari sai ƙarshen shekara a sa masa hannu a dunƙule. Duk aikin da kika yi, ki roƙi babban likitan da ya gani ya rubuta layi biyu a ranar. Wanda zai rubuto miki takardar shaida kuma ya zama wanda ya tsaya a kanki a ɗakin jinya, ko da ba farfesa ba ne, domin masu karantawa a nan sun saba bambance wanda ya ga aiki da wanda ya ji labari. Ki turo mini takardar tarihin aikinki in duba kafin ki biya kuɗin kashin farko na USMLE. A gaishe mini da su Hajiya.