Tambaya da Amsa: Na ranta wa aminina kuɗi, yanzu gaisuwa ma ta gagara

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ranta wa aminina naira 180,000 ya ƙara jari, a kan zai biya bayan wata biyu. Ga shi an shiga wata na tara, kuma ba mu rubuta komai ba. In ya hango ni sai ya sauya hanya. Yaya zan karɓi kuɗina ba tare da mun ɓata ba? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, sauya hanyar nan ba lallai mugunta ba ce, yawanci kunya ce. Ita kuwa kunyar bashi kullum ƙaruwa take yi, har ta kai mutum ya fara laluben laifinka don ransa ya samu sauƙi. Saboda haka shirun da kake yi da sunan kara ɓarna yake ƙarawa.

Ka taka da ƙafarka ka same shi a gida bayan isha'i, ku biyu kaɗai. Ban da aiken yaro, ban da tare shi a ƙofar masallaci ko wurin suna. Wanda aka tozarta a gaban jama'a ba shi da sauran kunyar da za ta sa ya biya. Bayan gaisuwa, kada ka ce "me ya sa ba ka biya ba?", domin labari za ka sha. Ce masa: "Nawa za ka iya kawowa duk wata ba tare da ka takura ba?" In ya ce 30,000, wata shida ke nan. Ku ɗaure ranar da lokacin da kuɗi ke shigo masa, ƙarshen wata ko ranar kasuwa ko kaka. Sai ku rubuta, shaidu biyu su sa hannu. Ba rashin yarda ba ne: aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take.

Biyan farko shi zai nuna maka wanda kake hulɗa da shi. Mai rashi yakan kawo ko da 10,000 ne da ban haƙuri, wannan a ɗaga masa ƙafa, kamar yadda aya ta 280 ta yi umarni. Mai taurin bashi kuwa kullum da sabon uzuri, ga sabuwar waya a hannu. In ya saɓa sau biyu, ka nemi babban da shi yake jin nauyi, ba wanda kai kake ji ba. Sai hakan ya gagara za a je wa mai unguwa, kotu kuwa ita ce ƙarshe.

Tambaya: Ƙanwar mijina takan nemi rance, ba ta taɓa biya ba. Yaya zan hana ta? Daga wata baiwar Allah a Maraɗi.

Amsa: Hajiya, ki bar cewa "zan duba", domin a kunnen mai nema alkawari ne, jibi za ta dawo. Kada kuma ki ce babu alhali ta san kin kwashi adashe. In ta nemi jaka goma, ki miƙa mata biyu ki ce: "Wannan kyauta ce, rance kam ba zan iya ba." Ki sanar da maigida tun kafin maganar ta iso masa ta bakin uwar miji.