Ƙasar da teku ya kewaye, me ya sa take rasa ruwan sha?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne mai karatun ilimin ƙasa, an ba mu aiki a kan ƙananan ƙasashen tsibirai. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ƙasa tana zaune tsakiyar teku, ana kuma tafka mata ruwan sama, amma sai a ji an kafa dokar ta-ɓaci saboda ƙarancin ruwan sha. Me ya hana gwamnatocinsu sayen injin tace ruwan teku kowa ya huta? In hakan bai isa ba, wane gyara ya kamata a yi wa dokoki da hukumomin ruwa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Injin yana da amfani, kuma za mu zo kansa, amma shi ya kamata ya zo ƙarshe a lissafi. Kafin a kai gare shi sai an san inda ruwan daɗin tsibiri yake kwance, da wanda yake da iko da ƙasar da ke samansa, don yawancin matsalar daga nan take farawa.

Tsibiran murjani irin na Kiribati da Tuvalu da Maldives ba su da kogi, tsayinsu kuma 'yan mitoci ne kawai a kan teku. Ruwan sama yakan nutse cikin yashi, ya kwanta a kan ruwan gishirin da ke ƙarƙashi kamar yadda mai yake kwanciya a kan ruwa, saboda ruwan daɗi ya fi na gishiri rashin nauyi. A lissafin masana, duk mita 1 na ruwan daɗi da ya ɗara saman teku tsayi yana da kimanin mita 40 a ƙasa, ko da yake a aikace bai kai haka ba, don akwai wurin da biyun suke cakuɗuwa su zama zartsi. Juya lissafin ka ga haɗarin: in famfo ya sauke ruwan rijiya da santimita 10 kacal, gishirin da ke ƙasa yana iya tasowa da kusan mita 4. Shi ya sa rijiyar burtsatse mai zurfi, wadda ake ɗauka ci gaba ce a tudu, take zama ɓarna a tsibiri. Abin da ake yi maimakonta shi ne a shimfiɗa bututu mai ƙananan huji a kwance, ɗan ƙasa da saman ruwan, a riƙa yaɗe ruwan daɗin a hankali daga fili mai faɗi.

Haka ake yi a Bonriki da Buota, inda babban birnin Kiribati, wato Tarawa ta Kudu, yake samun ruwan famfo. Abin da wuraren biyu za su iya bayarwa ba tare da gishiri ya taso ba bai wuce kimanin lita miliyan 2 a rana ba, alhali ƙidayar 2020 ta nuna mazauna birnin sun haura 60,000. Raba ka gani: lita 30 da 'yan kai ga mutum ɗaya, tun ba a cire wanda yake zubewa a hanya ba. Filayen kuma na gado ne, gwamnati haya take biya. Mai ƙasa da yake ganin an hana shi gonarsa don wasu su sha ruwa ba zai tsare ta ba, sai a ga gidaje da aladu da masai da masu ɗibar yashi sun shiga, ga shi tsakanin ƙasa da ruwan bai fi mita 1 zuwa 2 ba. Doka ita kaɗai ba ta korar mutum daga gadon ubansa. Abin da ya fi aiki shi ne a mayar da masu ƙasar masu gadin wurin, a sa su cikin kwamitin kula da shi, a ɗaura wani kaso na kuɗin hayar a kan tsabtar filin, a kuma fara ba ƙauyensu ruwa kafin a tura wa birni.

Barbados da ke yankin Karebiyan ta daɗe da yin gaba a wannan fanni. Tun farkon shekarun 1960 ta raba ƙasarta shiyya biyar gwargwadon kwanakin da ruwa yake ɗauka kafin ya isa rijiyoyin gwamnati. Shiyya ta farko, mai tafiyar kwana 300, an hana sabon gini a cikinta, bisa hujjar cewa ƙwayoyin cuta sun mutu kafin su iso. Tsarin ya yi aiki a kan ƙwayoyin cuta, amma sinadarin takin zamani da maganin ƙwari ba sa mutuwa da tsawon tafiya. Duk ƙasar da za ta kwaikwayi Barbados sai ta haɗa da ƙa'idar abin da manomi zai zuba a gonarsa.

Sai ruwan sama. Milimita 1 a kan murabba'in mita 1 na rufi lita 1 ne. Gida mai rufin murabba'in mita 100, in an yi ruwan milimita 1,000 a shekara, zai tara wajen lita 80,000 bayan an cire kashi 20 cikin ɗari na asara. Inda ake yin kuskure shi ne girman tanki. Gida mai mutum shida, kowa lita 20 a rana, yana bukatar lita 10,800 don ya haye fari na kwana 90, don haka tankin lita 5,000 ba zai kai su rabin hanya ba. Sau da yawa ma tankin lafiyarsa lau, indararo ne ya karye ba a gyara ba. Bermuda, wadda yanki ce ƙarƙashin Birtaniya, ta sa abin cikin dokar gini: kashi 80 cikin ɗari na rufi dole ya zuba cikin tanki, kuma kowace murabba'in ƙafa ta rufi tana da galan 8 na ma'aji. Tuvalu, wadda ruwan ƙasan babban birninta Funafuti zartsi ne kuma ya gurɓata, ta ɗanɗana kuɗarta a Satumbar 2011, lokacin da fari ya sa aka kafa dokar ta-ɓaci, aka koma raba wa gida bokiti biyu a rana, har sai da New Zealand da Ostireliya suka kawo injinan tace ruwa.

Wannan farin bai zo ba zato ba. Yanayin La Nina, wanda yake janye ruwan sama daga wannan sashe na tekun Fasifik, ana hango shi watanni kafin ya yi tsanani, kuma shi ne ya sa Kiribati ta ayyana halin bala'i a Yunin 2022. Abin da doka ya kamata ta tanada shi ne matakai a rubuce tun ana damina: in gishirin rijiyoyin gwaji ya kai kaza a rage famfo, in ya kai kaza a fara rabo, kuma wane jami'i ne zai sa hannu. Awon da aka saba amfani da shi shi ne miligiram 250 na sinadarin kuloraid a lita, inda harshe yake fara jin gishiri. In ba a auna rijiyoyin nan a kai a kai, duk sauran takarda ce kawai.

Wa zai auna, wa zai hukunta? A ƙananan ƙasashe ana yawan samun ma'aikatar ayyuka da ta lafiya da ta filaye da ta muhalli kowacce tana riƙe da gefe guda, injiniyoyin ruwan kuwa ba su cika hannu ba. Mafi muni shi ne kamfanin da yake sayar da ruwa ya zama shi ne mai yanke wa kansa yawan da zai ɗiba. Cape Verde, 'yar ƙungiyar ECOWAS, ta raba ayyukan: ta kafa hukumar ƙasa ta ruwa da tsabta a 2013, farashi ya koma hannun wata hukuma dabam, aka kuma haɗe ofisoshin ruwa na ƙananan hukumomin tsibirin Santiago cikin kamfani ɗaya mai suna Águas de Santiago. Batun farashi yana bukatar kulawa, don inda famfo bai kai ba talaka ne yake sayen lita mafi tsada, kamar dai yadda mai saye wajen 'yan garuwa yake biyan fiye da mai famfo a gida. Gyaran shi ne a sa mita, a rangwanta litocin farko na bukatar gida, a tsawwala wa otal-otal da jiragen ruwa, a kuma sassauta kuɗin ja wa gida bututu.

To, ga injin. Tace lita 1,000 na ruwan teku yana cin wutar kilowat 3 zuwa 4 na awa guda, a tsibiran da galibi da man dizal na shigowa ake kunna janareta. Daga lita 100 ana samun wajen 40 zuwa 45, sauran ruwan gishiri ne mai kauri da sai an nemi inda za a zubar ba tare da an kashe murjani ba. In bututu yana yoyon kashi 40 cikin ɗari, kuɗin kowace lita da ta isa gida ya ƙaru da kashi biyu bisa uku, shi ya sa toshe yoyo yake gaba da sayen inji. Ruwan da ake kawowa 'yan awoyi kuma yana ƙara ɓata lamarin, don bututun da ba komai ciki yakan zuƙo ƙazanta, mutane kuma sukan fasa shi a ƙasa don su tari ɗigo.

Malé, babban birnin Maldives, ya dogara kacokan a kan inji. Ranar 4 ga Disamba 2014 gobara ta lalata na'urorin wutar tashar tace ruwan, mutum fiye da 100,000 suka wayi gari famfo a bushe, Indiya ta yi ta jigilar ruwa da jiragen sama da na ruwa, Sin da Sri Lanka ma suka taimaka. Don haka lasisin duk kamfanin da zai tace ruwa ya kamata ya wajabta tasha ta biyu a wani wuri dabam da wutarta dabam, ma'ajin da zai riƙe birni na kwanakin da aka ƙayyade, da kayan gyara a ajiye cikin ƙasar. In kuma injin kyautar wata ƙasa ce, a rubuta tun ranar karɓa daga wane asusu za a sayi matatun da ake sauyawa duk bayan 'yan shekaru, da wanda zai biya albashin makanikin da aka horar don kada ya tafi ci-rani.