Jig ɗinka bai yi laifi a hannu ba, a ruwa ya tona asirinka

Yaro, na ga saƙonka. Ka ce ka ɗaura jig goma sha biyu, kowa ya gani ya yaba, ka kai su tafkin Grenada na nan jihar Mississippi a Amurka ranar Asabar, ka wuni kirafi, kifin nan da Turawa ke ce wa crappie, ko ɗaya bai taɓa ba, alhali na kusa da kai yana ta cira. Ka tambaye ni ko launi ne ka kuskure. Ba launi ba ne. Na duba biyun da ka bari a shago, gashi ne ya yi musu yawa, kuma na tabbata ba ka jiƙa ko ɗaya ba kafin ka fita.

Jig ba wani abu ba ne illa ƙugiya mai kan dalma da aka yi wa riga da wutsiya don ta yi kama da ɗan kifi. Wutsiyar nan ita ce ransa. Gashin da muke sawa, marabu, sunan borin tinke ne ya ara, tsuntsun nan na can gida Afirka, amma wanda ake sayarwa yanzu na talo-talo ne, mai laushi. Amfaninsa ɗaya: ko ka riƙe sanda cik, silin gashin na buɗewa yana rufewa da kansa kamar mai numfashi. Da ka cusa da yawa sai su manne wa juna, su zama dunƙule kamar jiƙaƙƙiyar auduga. Ka ɗebi abin da kake ganin ya isa, ka mayar da rabi. Tsawonsa kada ya wuce tsawon jikin ƙugiyar, in ya wuce kifi zai riƙa cafkar wutsiya yana barin ƙarfe. In za ka rage, ka tsinke da farce. Almakashi na barin bakin a daddage kamar tsintsiya, motsin ya mutu.

Na biyun da ka bari kuwa, wutsiyar ta zame gefe lokacin da kake naɗa zare. Irin wannan shi ne ke juyawa a ruwa kamar farfela, ya murɗe maka igiya. Ka danne gashin a saman ƙugiya da yatsa biyu, naɗi biyu na farko a sassauce, sannan ka ja. Daga nan shenil, zaren nan mai gashi-gashi, ka naɗa shi zuwa wuyan dalma, ka ƙulle, ka ɗiga man farce mara launi a kan ƙullin kaɗai. Ɗigo ɗaya. In ya malala cikin gashi, ka yi asarar jig.

Yanzu batun ruwa, wanda shi ne ainihin amsarka. Akwatin gilashin nan na kiwon kifi da ke bayan shago, ba don ado na ajiye shi ba. Bokiti ma zai yi, sai dai daga sama kake kallo, shi kuwa kirafi daga ƙasa ko daga gefe yake gani. Idanunsa na duban sama ne, abinci ma sama yake tasowa ya ɗauka, shi ya sa ake riƙe masa jig a bisa kansa. To ka ɗaura a irin igiyar da za ka yi fatsa da ita, mai ɗaukar nauyin laba 4 ko 6, ka matse gashin cikin ruwa har iskar da ke ciki ta fita, don busasshen marabu ƙarya yake yi. Sai ka tsuguna, idonka daidai da gilashi.

Fara da tsayawa cik. Ya kamata jig ya kwanta a miƙe, kai da wutsiya a layi ɗaya, yadda ɗan kifi ke tsayawa. In wutsiya ta rataya ƙasa, kada ka yi saurin zargin ɗaurinka, duba ƙullin igiya tukuna. Idan ya zame gaban idon ƙugiya, haka zai sa. Ka tura shi tsakiyar saman idon, ko ka yi ƙulli mai zobe wanda ke barin jig ya yi lilo. Bayan kowane kifi sai ka sake dubawa, don jan kifi na gusar da shi. Sannan ka ɗan ƙwanƙwasa igiyar da yatsa. In wutsiya ta buɗe ta rufe, da rai. In duk jikin ne ya yi tsalle wutsiya na nan sandare, reza ce maganinsa, a feɗe a sake ɗauri.

Daga nan ka sake shi ya nutse, kana ƙirgawa. Kai mai nauyin 1/16 na oza, wato giram 1.8, ya fi saurin sauka a kan mai 1/32, wannan kowa ya sani. Abin da ba a gane wa sai an gwada shi ne, kai iri ɗaya da riga daban-daban ba sa sauka tare. Kirafi yakan ɗauka ne yayin da jig ke sauka, musamman farkon bazara da ruwa bai yi ɗumi ba, kafin ya kai wajen digiri 16 na ma'aunin Celsius su matso gaɓa yin ƙwai. A wannan lokacin mai sauka a hankali ya fi ci. Ka rubuta ƙirgen kowanne a murfin akwatinka.

Ni ma na sha wannan. Hunturuna na farko a Mississippi na zauna na ɗaura akwati guda, masu wutsiya kamar ta zakara, ina jin ai babban kifi sai babban gashi, tunda a tafkin Enid da ke nan kusa aka kama farin kirafi mai laba 5 da oza 3 a 1957. Dukkansu na feɗe daga baya.

Launi kuwa, bar shi a ƙarshe. Ruwan Grenada gurɓatacce ne galibi, don haka baƙi da ruwan tsanwa mai haske sun ishe ka a yanzu. Kuma ka lura, bakin kifin nan kamar takarda yake, in ya ɗauka ka ɗaga sanda kawai, kada ka fizga.

Gobe ka zo da sauran goman da sabuwar reza. Kan dalmar da ƙugiyoyin lafiyarsu lau, rigar kawai za mu cire. Ka tsaya ka cika akwatin gilashin kafin na iso, kuma ka wanke hannu bayan taɓa dalma kafin ka ci wani abu.